Ƙusar Ƙofar Usta Mato

A jikin ƙofar gidan Usta Mato akwai wata ƙusa mai kaurin ɗan yatsa, wadda ya buga da hannunsa tun yana ango. Ba don rataye riga ya buga ta ba. A hillarsu, wani ƙauyen Hausawa da ke kusa da Abu Na'ama a bakin kogin da suke kira bahar, in jinenar mutum, gonarsa ta ayaba, ta haihu, sabaɗar farko, wato cikakken kan ayaba na fari, ba ta zuwa kasuwa kuma ba ta shiga ɗakin mai gona. Ɗaukarta ake yi a kai ƙofar wanda ya riƙe wa gonar ruwa, a rataye a wuce, ko sallama ba a yi. Shekara talatin da ɗoriya ƙofar nan ta Mato ce. Ƙusar har ta sunkuya don nauyi, kuma in baƙo ya zo, kafin a ba shi ruwan sha sai an nuna masa sunkuyawar.

Kakan Mato da ƙafa ya taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar Makka. Da ya iso bakin bahar sai ya ce bari ya yi noman shekara ɗaya ya haɗa guzuri. Guzurin nan ne jikokinsa ke haɗawa har yau. Shi Mato bahago ne, kuma malamin allo ya gaji da dukan hannun hagun kafin hannun ya gaji da dukan, aka rabu a izu biyu ba tare da kowa ya yi kewar kowa ba. Yana ɗan shekara goma sha biyar ya bi masu tsinkar auduga zuwa Jazira, wajajen Kamlin. Auduga dai bai tsinka ta kirki ba, amma ya dawo da karatu biyu.

Na farko a wurin wani tsoho Abdulwahab ya ɗauko shi, mai kula da babur. Babur a can ba abin hawa ba ne, inji ne mai shan jaz, wato man dizal, mai juya turumba, famfon da ke janyo ruwa daga kogi. Tsohon ya koya masa ya dafa bakin sukundireba a jikin inji, ya kafa kunne a ƙotar, ya yi shiru. Wanda ya iya wannan yana jin ciwon inji kwana uku kafin injin ya kwanta.

Na biyu manoman ne suka koya masa, kuma ba wanda ya kira shi karatu. A bakin kowace tur'a, wato magudanar ruwan gonaki, akwai gafir, mai gadin ruwa, da sandarsa mai zane. Ruwa na kai zanen sai ya rufe ƙofa. Manoma ba sa faɗa da gafir. Gaishe shi suke yi, su kawo masa shayi, sannan su zagaya bayan ƙaya su fasa ɗan baki a gefen tur'ar, ruwa ya bi ta bayan fage. Sanda tana faɗin abin da ta gani, gona tana shan abin da take so, kowa ya kwana lafiya.

Da waɗannan biyun ya dawo gida ya zama usta, wato babban makanike. Babu jinena daga hillarsu har mashigar Abu Na'ama da ba ta san ƙamshin man hannunsa ba. Yakan tsaya daga nesa ya karkata kai ya ce, "Wanga babur tari yake, ku duba mishi iska," a buɗe a tarar haka ne. Matarsa Yalwa kan ce da yana jin maganarta rabin yadda yake jin ta ƙarfe, da gidansu ya zama abin kwatance.

Sai yaƙi ya zo, jaz ya yi ɓatan dabo. Baburan suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ba don ciwo ba, don yunwa. Masu 'ya'ya a waje aka fara aiko musu da farantan sola da wani akwati mai ruwan toka da ake kira inbata, wanda ke karɓar wutar rana ya juya moton lantarki. Akwatin nan ba ya tari, ba ya hayaƙi, ba shi da inda za a dafa sukundireba. Kuma wadda ta san cikinsa ba kowa ba ce illa Ibtisam, ɗiyar ƙanwarsa Habiba, yarinyar da shi ya fara ɗora wa sifana a hannu tana rarrafe. Ta yi karatun lantarki a Sinja, ta dawo da jaka a kafaɗa da Hausar da ta sha Larabci har ta ƙoshi.

Bara Mato na zaune a gadon igiya a ƙofar gida aka zo wucewa da sabaɗa. Ya gyara zama, ya kau da kai kamar bai gani ba, don haka al'adar take. Ya jira ƙarar ƙusa. Da jiran ya yi yawa ya juyo, sai ya hango ayabar ta sha kwana ta nufi gidan Habiba. Ranar ko tuwo bai ci ba. Ya ce miyar ta yi gishiri.

"Miyar ce ta yi gishiri, ko ƙusar ce ta yi sanyi?" in ji Yalwa.

"Ke dai Allah ya shirye ki."

"Amin. Ɗiyar ƙanwarka ce fa, Usta. In ta ci, kai ka ci."

"To bari in ta ci ki ji ko ni na ƙoshi."

Jinena ɗaya ta rage masa, ta Salih, ɗan kawunsa kuma taubashinsa, mutum mai tumbi da bakin da ba ya hutu. Salih ya riƙe baburinsa har sai da jarkar ƙarshe ta ƙare, sannan ɗansa ya aiko da faranti daga Jidda. To sabaɗar Salih ta bana ita ce ta ƙarshe da ƙusar ke sa rai. In ta wuce, Mato ya san sai dai ya zare ƙusar ya gyara ƙafar gado da ita.

Ranar da aka haɗa akwatin Salih, Mato ya je, wai wucewa yake. Ibtisam ta ajiye wata mita mai baki kamar na ƙaguwa, wadda ake matsawa ta buɗe ta rungumi waya ta faɗi yawan wutar da ke bi. Ya ɗauka ya haɗa wayoyin moton guda uku a bakinta. Mitar ta nuna sifili.

"Ku zo ku ga ƙarya da rana tsaka!" ya ɗaga murya. "Turumba na aman ruwa, abin nata ya ce babu wuta!"

"Ma'alesh, yi haƙuri, Kawu," in ji Ibtisam a hankali. "Ɗaya-ɗaya ake kamawa. In ka haɗa ukun, suna kashe lissafin juna."

Ta kama guda, lamba ta fito. Salih ya riƙe tumbi yana dariya har hularsa ta faɗi. "Bahago, ka sa mata uku magana lokaci guda, kuma kana mamakin ba ka ji komai ba!" Mutane suka tuntsire. Mato ma ya yi dariya, irin wadda ba ta wuce haƙora.

Da bazara ta kankama, bahar ya ja baya har yara na tsallaka rabinsa da ƙafa, sai turumbar Salih ta fito da wani hali. Da safe lafiya lau. Rana na kaiwa tsaka, lokacin da ayaba ta fi bukatar ruwa, sai akwatin ya yi ƙit ya kashe kansa, wata jar fitila ta kama ƙiftawa. A tayar, ya yi ɗan gudu, ya sake mutuwa. Ganyen ayaba ya fara lanƙwashewa, ga sabaɗar farko ta fara cika.

Aka kira Ibtisam. Mato kuma ya sake yin wucewa. Ta kwance murfin akwatin, sai ga wani koren allo mai siraran hanyoyi kamar zanen lalle, a gefensa wasu baƙaƙen zobba guda uku, kowanne da waya mai kauri ta ratsa ta tsakiyarsa.

"Mi ne ne waɗanga?" in ji Salih.

"Su ne masu aunawa, Baffa. Wutar da ke zuwa moto ta fi ƙarfin allon nan, in ta bi ta kansa toka zai zama. Shi ya sa ake ratsa ta ta cikin zobe. Zoben ba ya taɓa wayar, ƙarfin maganaɗisun da ke kewaye da ita kawai yake ji, sai ya raɗa wa allon: ambir kaza ke wucewa. Motonka an rubuta masa ashirin da biyu. In ya zarce, allon ya rufe."

"To mi ya sa yake zarcewa?"

"Wani abu ke riƙe turumbar, moton na wahala, shi ya sa yake zuƙar wuta. Ina zaton yashi ya ci boris. Zan je Sinja in nemo, kwana uku in hanya ta yi kyau. Kafin nan da safe kaɗai za ku riƙa kunnawa. Zoben ba ƙarya yake ba."

Mato bai ji ƙarshen maganar da kyau ba. Zobban yake kallo. Abu kamar ƙwallon goriba, ba kunne, ba gemu, bai taɓa ƙona yatsa a jikin inji ba, bai taɓa kwana da warin jaz ba, wai shi ne ke jin wahalar ƙarfe, har ana cewa ba ya ƙarya. Shekara talatin shi ake faɗa wa wannan magana. Kishin Ibtisam da ke cinsa sai ya ga ashe somin-taɓi ne. Ita ko ba komai jininsa ce. Wannan fa?

A hanyar gida abin ya faɗo masa, har ya tsaya cak ya buga cinya. Mai aunawa, in an kai zane ya rufe ƙofa. Ai wannan gafir ne! Kuma shi tun yana ɗan shekara goma sha biyar ya san maganin gafir.

Washegari motar Sinja na tashi da Ibtisam, ya kwance wayar jan ƙarfe daga wani tsohon janareta, ya yanka uku, ya nufi jinena. Salih na zaune a inuwa yana fifita da hula.

"Ya zol, bawan Allah, yarinyar ta ce kar a taɓa."

"Yarinyar da aka haifa a gabana? Kana son ruwa ko kana son wa'azi?"

Salih ya dubi ganyen ayabarsa, ya dubi rana, ya ce, "Ni dai ban ga komai ba."

Mato ya kashe wuta, ya buɗe akwatin. Zobban bai taɓa su ba, har da ce musu sannunku da aiki. Kowace waya ya ɗaura mata 'yar'uwa, ta tashi daga gaban zobe, ta zagaya ta bayansa, ta sauka a ƙarshe. Ya murɗe bakunan tamau, murɗin hagu irin nasa. Wuta ta sami hanya biyu, rabi ta cikin zobe, rabi ta bayan ƙaya. Ya mayar da murfi ya kunna.

Rana ta kai tsaka, ta gota, turumba ba ta ko yi tuntuɓe ba. Ruwa ya cika kwalbatin farko ya gangara har layin ƙarshe. Kafin la'asar labari ya zagaye hilla: abin da mai karatun Sinja ta ce sai kwana uku, Usta ya gama kafin shayi ya huce. A masallaci aka riƙa ba shi hannu biyu. Da ya koma gida ya ɗauko guduma ya ɗan daddaɓe ƙusar, don ta yi sako-sako.

"Baƙo za mu yi?" in ji Yalwa.

"Mai nauyi kuwa."

Rana ta biyu ya je duba aikinsa, kuma tun daga bakin shinge kunnensa ya kama wani abu. Can ƙarƙashin rurin ruwa akwai wani ɗan gurnani, kamar ana niƙa gero da tsakuwa a ciki. Ko sukundireba bai bukata ba. Boris ne, yashi ya ci shi, daidai yadda yarinyar ta ce, daidai yadda zoben ya yi ta ihu. Ya gangara ya ɗora tafin hannu a jikin moton, ya janye da sauri. Ya tsaya. In ya kashe yanzu, to ya sa hannu kenan a kan cewa ƙwallon goriba ya riga shi ji. Ya ce a ransa moto sabo ne, zai kai gobe, gobe ma ta kawo boris ɗin a sa, kowa ya kwana lafiya. Ya hau gangaren yana waƙa da ƙarfi don kada kunnensa ya ƙara faɗa masa wani abu.

Rana ta uku da azahar mutum biyar ko shida na zaune a inuwar jinenar ana shan jabana, wato gahawa, Mato na ba da labarin Kamlin karo na huɗu, sai ga Ibtisam da jakarta, ƙurar mota har a gira. Ta ji turumba na gudu a tsakiyar rana, ta tsaya.

"Wa ya kunna?"

"Kawunki ya gyara," in ji Salih. "Zo ki ga ikon Allah."

Ta dubi fuskar akwatin. Ambir goma sha biyar, lafiya lau. Ta zaro mitar ƙaguwa, ta ware waya ɗaya daga cikin masu gangarawa kogi, ta kama. Talatin da ɗaya. Ta kama ta biyu, haka. Ba ta tsaya ta uku ba, ta daka tsalle ta kashe wutar. Da rurin ruwa ya ɗauke sai kowa ya ji abin da iska ke kawowa daga bakin bahar, wani wari kamar an jefa takalmin roba a murhu.

Ta kwance murfin. Wayoyi uku na jan ƙarfe suna kwance a bayan zobba, sun yi baƙi don zafi. Ta daɗe tana kallon murɗin. Duk hillar mutum ɗaya ke murɗa waya ta wannan hannun, kuma shi ya koya mata riƙe filaya.

"Kawu," ta ce, "ka rufe wa zoben ido."

"Ban taɓa shi ba. Hanya na buɗe wa wuta."

"Ai shi ne! Moton na kuka, shi kaɗai ke ji, ka toshe masa kunne. Kai da ka koya min ana sauraron ƙarfe! Wallahi ba ka ji boris ɗin nan ba?"

Nan ne ya kamata ya yi ƙarya, kuma ga ta a bakinsa. Amma a ce a gaban mutane kunnen Usta Mato bai ji boris ba? Gara a ce ya ƙona moto goma.

"Tun jiya na ji shi," ya ce, har da ɗaga haɓa. "Tun daga shinge."

Salih ya ajiye finjalin jabana a hankali. "Ka ji, kuma ka bar shi?"

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi wa Mato ciwo a kan dariyar ranar farko.

Moton ya tafi Sinja a bayan mota don a sake naɗa masa waya, aka ce kwana goma. Ayaba kuwa a bazara ba ta san kwana goma ba. Mato bai jira a roƙe shi ba. Ya ɗaure tsohon baburin Salih a amalanken jaki ya gangara da shi, ya warware shi gunduwa-gunduwa a kan buhu, ya wanke, ya haɗa. Ya fito da jarkar jaz da ya binne a bayan ɗaki tun farkon yaƙi, wadda ko Yalwa ba ta san da ita ba. Ya sa boris ɗin da Ibtisam ta kawo, ya shiga ruwa har ƙirji ya ɗage bakin bututun daga yashi ya ɗora shi a kan durom. Awa biyu da safe, awa ɗaya da yamma, yana tsaye a kansa kamar mai jinya. Layi biyu na can ƙarshe suka bushe, sauran suka tsira. Da moton ya dawo, Ibtisam ta cire wayoyin ukun ta miƙa masa, ta kunna, ta kama da mita. Sha tara a mita, sha tara a akwati.

Mato ya yi lissafinsa a gadon igiya. Shi ya ƙona, gaskiya ne. Amma wa ya riƙe wa gonar ruwa kwana goma? Al'ada ba ta ce wanda bai yi kuskure ba, cewa ta yi wanda ya riƙe ruwa. Ita kuwa Ibtisam, in aka kai ƙofar uwarta, to an kai, zai ce miya ta yi gishiri ya haƙura.

Ranar da aka sare sabaɗar, tun hantsi yake zaune a ƙofa, kai a karkace. Ayabar ba ta zo ba. Ya leƙa kwanar gidan Habiba, can ma babu. Da abin ya ishe shi ya saka takalmi ya yi wucewa ta jinena.

Salih ya buga sabuwar ƙusa a jikin ginshiƙin rumfar, daidai saman akwatin. A nan sabaɗar take rataye, ƙatuwa, 'ya'yanta sun yi ɓul-ɓul. Ibtisam na gefe tana goge faranti, tana danne dariya da gefen mayafi.

"Mi ke nan?" in ji Mato.

"Al'ada," in ji Salih. "Kai ka ji ka yi shiru. Ni na gani na ce ban gani ba. Ita ta tafi Sinja. A jinenar nan kaf, wanda ya tsaya a bakin aikinsa ya faɗi gaskiya har aka rufe mishi baki, yana cikin akwatin nan. In kana da ƙara, Bahago, ka shigar a wurinshi."

"Kawu, in ta nuna zan kawo wa Inna Yalwa rabi," in ji Ibtisam.

"Ƙusata ba ta karɓar rabi."

Ya matsa kusa da akwatin, hannu a baya. Fuskar na nuna sha tara, ba ta ko ƙifta masa ba. Ya karkata kai ya saurari turumbar can ƙasa, ya ji tana tafiya sumul, ya ji haushin cewa su biyun bakinsu ɗaya. Ya dubi ayabar, ya dubi murfin da zobban ke ɓoye a bayansa, ya sunkuya kamar mai gaya wa maƙwabci magana a kunne.

"To, ga ta nan an ba ka," ya ce. "Ci mu gani."